Kuɗin da Ba Ya Jiran Ciniki

  

An nemi in yi bayani a kan kalmar da Bature yake faɗa idan yana nufin kuɗin da ke fita daga hannun mutum a kai a kai, irin su haya da kuɗin wuta da kuɗin makarantar yara. Kalmomin da suka fi dacewa da wannan biyu ne, kuma ana yawan ɗaukarsu abu ɗaya alhali ba haka ba ne. Ta farko ita ce "outgoings", ta biyu kuma "overhead". Ta farkon ba ta cika yawo a bakinmu ba, sai wanda ya zauna a Ingila ko ya taɓa cika takardun bankinsu. Ta biyun kuwa duk ma'aikacin gwamnati ya san ta, don sau nawa ake ce masa ba za a iya sayen takardar rubutu ko man janareta ba, "obahed" bai sauka ba tukuna. Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne sanin iyakar kowace, domin rashin sanin wannan iyaka yana cinye jarin ɗan kasuwa, kuma ya taɓa haɗa gwamnan Babban Bankin Nijeriya faɗa da Majalisar Dattawa.

Bari mu fara da "outgoings". Ginin kalmar ba shi da wuya: gaɓar farko tana nufin waje, ta biyu tana nufin tafiya, wato abin da ke fita. Kishiyarta ita ce "income", abin da ke shigowa. Tsohuwar kalma ce a Turanci, kuma da can ba kuɗi kaɗai take nufi ba. A fassarar Baibul ta Turanci ta 1611, wadda aka yi a zamanin Sarki Jems, an yi amfani da ita wajen faɗin inda iyakar ƙasa ta je ta tuƙe. Sannu a hankali ma'anar kuɗi ta rinjaya, har ta zama ita ce ake fara tunawa.

Akwai ƙa'idoji uku da ɗalibi zai riƙe. Idan ana nufin kuɗi, kullum da harafin jam'i a ƙarshenta take zuwa. Da zarar ka cire wannan harafi ka koma wata magana dabam: "outgoing" sifa ce, ana faɗinta ga mutum mai faran-faran da son shiga jama'a, ana faɗinta ga shugaba mai barin gado, ana faɗinta ga kiran wayar da kai ka buga. Ɗalibin da ya rubuta ta babu harafin nan yana nufin ɗawainiyar gidansa, ya bar mai karatu yana lalube. Ƙa'ida ta biyu, kalmar mutanen Birtaniya ce da ƙasashen da suka gaji Turancinsu. Ba'amurke ya fi cewa "expenses" ko "bills". Ta uku, kuma ita ce mafi muhimmanci, sai kuɗin ya zama mai dawowa. Wanda ya sayi mota lakadan ya kashe kuɗi, amma wannan bai shiga ciki ba. Wanda ya karɓi motar bashi yana biya duk wata, biyan nan ya shiga. Kuɗin aurar da 'ya bai shiga ba, kome yawansa. Kuɗin makarantar ƙanwarta ya shiga, kome ƙanƙantarsa.

A Birtaniya wannan kalma tana da nauyi a rayuwar mutum. Tun daga Afrilun 2014, bayan darasin da suka koya daga rikicin bankuna na 2008, hukumar da ke sa ido a kan harkar kuɗi a can ta wajabta wa masu ba da bashin sayen gida su bincika ko mai nema zai iya biya. Ba albashinsa kaɗai ake dubawa ba. Ana tambayarsa nawa ke fita duk wata: kuɗin renon yara, kuɗin mota ko jirgin ƙasa zuwa aiki, bashin katin banki, inshora, harajin ƙaramar hukuma. Mutum biyu masu albashi ɗaya, a ba ɗaya a hana ɗaya, saboda bambancin abin da ke fita. A Ostareliya kuma kalmar ta samu wata ma'ana ta musamman a yarjejeniyar hayar shago: kuɗaɗen da mai gini yake biya a kan gininsa, kamar harajin ƙaramar hukuma da inshora da ruwa, sannan ya ɗora wa ɗan haya bayan kuɗin hayar kanta. Ɗan kasuwar da ya sa hannu a kan irin wannan takarda yana kallon kuɗin haya kaɗai, ƙarshen shekara zai ga lissafin da bai shirya masa ba.

A nan ne nake so masu fassara su lura. Rayuwar Bature a kan wata take juyawa. Albashi wata-wata, haya wata-wata, wuta da waya banki ne ke cirewa da kansa ranar da aka tsayar. Ko harajin ƙaramar hukuma na Birtaniya, wanda aka soma a 1993, bisa al'ada kashi 10 ake raba shi, daga Afrilu zuwa Janairu. Shi ya sa idan ka ga kalmar a rubutunsu, sau da yawa za ka ga an jingina ta da wata. Mu kuwa namu lissafin ba haka yake tafiya ba. Hayar gida da ta shago a yawancin biranenmu shekara ake biya, a dunƙule. Kuɗin makaranta zango uku ne. Manomi yana da taki da iri da ƙwadago da damina. Magidanci yana da kayan azumi, da ɗinkin salla, da ragon layya. Duk waɗannan masu dawowa ne, an san lokacinsu tun kafin su zo, don haka duk suna cikin abin da kalmar ta ƙunsa. Wanda ya fassara ta da "kuɗin wata" ya zubar da rabin ɗawainiyar Bahaushe a hanya. Kuma wannan rabin da aka zubar shi ne yake kayar da mutane. Cefanen yau da kullum kowa yana ganinsa. Hayar da za ta zo bayan wata goma sha ɗaya ita ce ake mantawa, sai mai gida ya aiko, a fara neman rance ko a sayar da akuya.

To, mu dawo kan "overhead", wadda a kanta zan fi daɗewa.

Asalin ma'anarta abin da ke bisa kai. Shi ya sa muke jin ta a wajen gadar sama da tankin ruwa na sama. Ma'anarta ta kasuwanci ba ta kai ta farkon tsufa ba, ta yaɗu ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da masana'antu da kamfanonin jirgin ƙasa suka girma, aka tara injuna da gine-gine da ma'aikatan ofis waɗanda sai an biya kuɗinsu ko an ƙera kaya ko ba a ƙera ba. Masu lissafi suka fuskanci tambaya: wannan kuɗi da yake bisa kan kowane kaya, amma ba na kowane kaya ba ne shi kaɗai, yaya za a raba shi? A 1923 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, John Maurice Clark, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan nau'in kuɗi. Mutanen Birtaniya suna ƙara mata harafin jam'i, Amurkawa ba sa ƙarawa, takardun gwamnatinmu kuma sun fi bin na Amurka.

Ma'anarta a taƙaice: kuɗin da sana'a ke ci don ta ci gaba da zama a buɗe, wanda ba za ka iya nuna kaya guda ka ce nasa ne ba. Bari in kawo misali da tela, lambobin kuma na misali ne kawai, kowa ya sauya su da nasa.

A ce tela yana karɓar naira 6,000 a kan kowane ɗinki. Zare da shafi da maɓalli da ladan yaron da ya yi aikin suna cin 2,000. Wannan 2,000 kuɗin ɗinkin ne kai tsaye: in babu ɗinki, babu shi. Da yawa daga cikin teloli a nan lissafinsu yake tsayawa, su ce ribar kowane ɗinki 4,000 ce. Amma hayar shagon 360,000 ce a shekara, wato 30,000 a wata. Man janareta 60,000. Kuɗin wuta 10,000. Mai gadi da mai kwashe shara 5,000. Abincin yaran shago da kuɗin motarsu 45,000. Jimla 150,000 duk wata. Wannan shi ne "overhead" ɗinsa.

A watan da ya yi ɗinki 50, kowane ɗinki ya ɗauki 3,000 daga wannan kaya, ribar gaskiya ta koma 1,000 a kan kowanne, 50,000 ke nan a wata. A watan azumi, da aiki ya yi yawa ya kai 100, kowane ɗinki 1,500 kawai ya ɗauka, kuma ko da man janareta ya ƙaru, telan zai ga kuɗi sosai. Bayan salla, da kasuwa ta kwanta ya yi 25 kacal, abin da ya rage masa bayan zare da shafi 100,000 ne, alhali shagon ya ci 150,000. Ya yi asarar 50,000, ga shi kuwa kullum yana karɓar kuɗi a hannu, yana sawa a aljihu, yana yin cefane. Bai ji asarar ba, don hayar an riga an biya, ko kuma lokacinta bai yi ba. In ka raba 150,000 da 4,000, za ka ga sai ya yi ɗinki 38 a wata kafin ya fara cin ko sisin kwabo na riba. Ɗinki 37 na farko shagon ya yi wa. Wannan lamba, iyayena 'yan kasuwa, kowane mai rumfa a kasuwar Kwari ko Sabon Gari ko Singa ya kamata ya san tasa kamar yadda ya san lambar wayarsa: yadi nawa, katan nawa, buhu nawa zan sayar kafin in ce na fara samu?

Mun san abin da ake kira cin uwar kuɗi. Ba kasafai ake cin ta da gangan ba. Yawanci ta wannan ƙofa take zurarewa. Kuma ƙofar ta ƙara faɗi a 'yan shekarun nan. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce nan nesa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. Mai walda, mai niƙa, mai ƙanƙara, mai aski, duk wanda sana'arsa ta rataya a kan wuta ko mai, ya ga wannan kaso na kuɗinsa ya ninka. Wanda ya ƙara farashi daidai da tsadar kayan aiki kaɗai, bai sa tsadar riƙon shago ba, yana nan yana aiki tuƙuru yana komawa baya.

Yanzu ga inda kalmomin biyu suka rabu. Suna haɗuwa a wurare da yawa: hayar shago tana cikin duka biyun. Amma ta farko tana kallon aljihu ne, tana tambayar me ya fita. Ta biyu tana kallon sana'a, tana tambayar me riƙonta ya ci. Keken ɗinkin telan nan yana tsufa kullum. In ya saye shi 300,000 kuma zai yi masa shekara 5, to duk wata 5,000 na darajarsa tana narkewa. Ba kuɗin da ya fita daga aljihu, don haka ba "outgoings" ba ne, amma akanta zai sa shi cikin "overhead", kuma yana da gaskiya, don ranar da keken ya mutu dole a sayi wani. A ɗaya gefen kuma, zubin adashin da telan yake yi duk mako yana fita a kai a kai, ya shiga ta farko, amma ba kuɗin riƙon shago ba ne, ajiya ce da za ta dawo ranar kwasa. Haka kuɗin makarantar 'ya'yansa: yana fita daga aljihunsa, amma bai shafi shago ba. Magidanci yana da ta farko. Sana'a da ofis suna da duka biyu. Wanda ya haɗa aljihun gida da na shago wuri ɗaya ba zai taɓa gane wanne ne ke cin wanne ba.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce gare mu, ko da sunan ya zo daga Turai. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya wuce ta kan ƙirali, wato mutum ya ba wani jari ya juya su raba riba. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayanin cewa mai juya kuɗin, in ya yi tafiya da dukiya mai yawa, yana da abincinsa da suturarsa daga cikinta gwargwadon al'ada, kuma ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo cikakkiya. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san cewa abincin ayari da kuɗin fito da abin da ake ba sarakunan hanya duk sai an fitar kafin a ce an ci riba. Ilimin yana nan a gidanmu. Abin da ya ragu shi ne rubutawa.

Sai mu shiga ofishin gwamnati, inda kalmar ta fi yin ƙara. Kasafin kuɗin Nijeriya, na tarayya da na jihohi, yana da manyan ɓangarori biyu da muke ji a rediyo: manyan ayyuka, da ayyukan yau da kullum. Manyan ayyuka su ne hanya, gada, ginin asibiti, madatsar ruwa. Ayyukan yau da kullum kuwa, wanda suke kira "recurrent", shi ma ya kasu. Akwai kuɗin ma'aikata, wato albashi da alawus da fansho. Akwai kuma "overhead", wato tafiye-tafiye, man motoci da na janareta, kayan rubutu, wuta da ruwa da waya, gyare-gyare, horar da ma'aikata, shayin taro. Biyan bashi kuma layinsa dabam. Ku lura, a wajen tela albashin mai gadi yana cikin "overhead", amma a kasafin gwamnati albashi ba ya ciki. Kalma ɗaya ce, iyakarta ta sauya da sauyin wuri. Kuma "overhead" yanki ne na "recurrent", ba shi ne duka ba, balle ya zama kasafin gaba ɗaya.

A ƙarshen Nuwamban 2010, gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya gabatar da lacca a bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Igbinedion da ke Okada a Jihar Edo. A ciki ya ce kashi 25 cikin 100 na "overhead" ɗin gwamnatin tarayya Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke cinye shi. Kafin maganar ta gama zagaya ƙasa, a bakin mutane da yawa ta koma cewa majalisa tana cin rubu'in kasafin kuɗin Nijeriya. 'Yan majalisa suka fusata, Majalisar Dattawa ta kira shi a farkon Disamba. Ya je ya tsaya a kan maganarsa, ya ce alƙaluman daga Ofishin Kasafi suka fito: jimlar "overhead" kusan naira biliyan 536, na majalisa kusan biliyan 136. In ka raba, kashi 25 ne da 'yan kai. An nemi ya ba da haƙuri, ya ƙi. Su kuma 'yan majalisa suna cewa kasonsu a kasafin bai kai ko kusa da haka ba, kuma a kan wannan ba ƙarya suka yi ba: kasafin 2010 ya haura naira tiriliyan 4, biliyan 136 a cikinsa bai wuce kashi 3 da ɗan wani abu ba. Har ila yau aka yi jayayya a kan ko wasu kuɗaɗen da ake ajiyewa a dunƙule don ɗaukacin ma'aikatu suna cikin jimlar ko ba sa ciki, don in an sa su, kason yana raguwa.

Kuɗi ɗaya ne, biliyan 136. In ka auna shi da wannan, rubu'i ne. In ka auna shi da wancan, kashi 3 ne. Talakan da ya ji labarin da Hausa fa, me ya ji? In mai fassara ya ce "kasafin kuɗi", ya faɗi abin da ba a faɗa ba. In ya ce "kuɗin ayyukan yau da kullum", ya haɗa da albashin malamai da sojoji da 'yan sanda, lissafin ya sake rushewa. A ganina maganar gwamnan tana da nauyi ko a yadda ya faɗe ta, ba ta bukatar ƙari: 'yan majalisa 469 da ma'aikatansu su riƙe rubu'in kuɗin gudanar da ofisoshin ƙasa baki ɗaya, abin tambaya ne babba. Amma da aka kumbura ta, sai aka ba waɗanda ake tuhuma hanyar kuɓuta, suka tsaya ƙaryata abin da aka ƙara, tambayar asali ta bi ruwa. 'Yan jarida da ke nan, don Allah ku riƙe wannan: duk lokacin da aka ba ku kaso cikin ɗari, ku tambaya, cikin me?

Tun daga lokacin an yi ta maganar rage wannan kuɗi. Kwamitin Stephen Oronsaye ya miƙa rahotonsa a 2012, ya ƙirga hukumomin tarayya 541, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. A ƙarshen 2015 Ma'aikatar Kuɗi a ƙarƙashin Kemi Adeosun ta kafa sashe na musamman don tsuke irin waɗannan kuɗaɗe, musamman na tafiye-tafiye. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ma ta tanadi cewa a ci bashi don manyan ayyuka da gina ɗan Adam ne, ba don shan mai da sayen takarda ba. Duk wannan daidai ne, kuma ina goyon bayansa.

Sai dai akwai wani kuskure da ya biyo baya, wanda yake damuna ƙwarai. Kalmar ta zama kamar zagi. An wayi gari duk gwamnan da zai gabatar da kasafi yana alfahari da cewa kaso mafi tsoka na manyan ayyuka ne, jama'a su yi tafi, kamar kowace naira da aka sa a gudanarwa asara ce. Ba haka ba ne. Asibitin da aka gina da biliyoyi, in babu man janareta, ba za a yi tiyata da dare ba, allurar rigakafi kuma za ta lalace a firji. Makarantar da aka yi wa sabon fenti, in babu alli da rajista da kuɗin gyaran famfo, gini ce kawai. Ofishin 'yan sandan da ba a ba shi kuɗin mai ba, mai ƙara ne zai sayi man, kuma daga nan ne wata ɓarnar take farawa. Malamin gona da ba shi da man babur ba zai je ƙauye ba. Mun ga rijiyoyin burtsatse da aka ƙaddamar da kiɗa, bayan shekara ɗaya suka tsaya saboda ƙarfen da bai kai dubu ashirin ba. Kowane babban aiki da aka gama yau, ya haifi kuɗin gudanarwa na gobe da jibi har ƙarshen rayuwarsa. Gwamnatin da ta gina ba ta tanadi wannan ba, kango ta gina, sai dai bai nuna ba tukuna. Abin dubawa shi ne a hannun wa kuɗin yake: tikitin jirgin manya ne, ko man motar ɗaukar marasa lafiya? Duka biyun layi ɗaya suke a takarda.

Ƙungiyoyin taimako ma sun sha wannan. A Amurka an daɗe ana auna nagartar ƙungiya da ƙanƙantar abin da take kashewa a kan ofis, har ƙungiyoyi suka riƙa ƙin ɗaukar akanta nagari don kada kasonsu ya hau. A 2013 manyan cibiyoyi uku da ke tantance ƙungiyoyin agaji a can suka fitar da wasiƙa ta bai ɗaya suna roƙon masu bayarwa su daina yin hukunci da wannan ma'auni shi kaɗai. Mu nan, masu kula da marayu da kwamitocin masallatai sun san wannan matsi: mai bayarwa yana so kowace naira ta shiga bakin maraya, ba ya so a ce an biya mai rubuta lissafi ko an sayi man kai kayan. Alhali a Suratut Tauba, aya ta 60, cikin rukuni takwas da aka ce a ba zakka har da ma'aikatan da ke tattara ta. Shari'a ta san cewa aikin alheri ma yana da kuɗin riƙo. Abin da ake bukata shi ne a bayyana shi a fili, a sa masa iyaka, a bar mutane su gani.

Saura abu ɗaya: da me za mu kira su da Hausa? Muna da kalmomi, sai dai kowace da faɗinta. Cefane ya tsaya a kan tukunya. Hidima da ɗawainiya sun yi faɗi, sun haɗa da biki da jinya da baƙo, abubuwan da ba a san ranarsu ba. Nafaƙa kalmar shari'a ce, haƙƙin ci da sha da sutura da muhalli da ke kan miji ko uba, ba za a ɗora ta a kan shago ba. Shawarata ga masu fassara da malaman makaranta ita ce, "outgoings" a ce kuɗaɗen da ake biya a kai a kai, in ana son gajartawa a ce ɗawainiyar ƙa'ida. "Overhead" na shago ko masana'anta a ce kuɗin riƙon sana'a. Na gwamnati a ce kuɗin gudanarwa, a kuma ƙara da cewa ban da albashi, ko da sau ɗaya ne a cikin labarin. A bar "ayyukan yau da kullum" ga babban ɓangaren da ya haɗa albashi da gudanarwa, kada a riƙa musanya su. In gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da sassan Hausa na ƙetare suka tsaya a kan rabo irin wannan, cikin 'yan shekaru kunnen mai sauraro zai saba, ya riƙa gane wane kuɗi ake nufi tun kafin a gama jimla. Malaman sashen Hausa na jami'o'inmu sun fi ni sanin hanyar da ake bi a tabbatar da kalma, kuma ina fata za su duba waɗannan, su gyara inda ya kamata.

Shugaban taro, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, kuma na hango wasu daga cikin iyayenmu na kasuwa suna ta rubutu tun wajen misalin tela, na san akwai tambayoyi.